Hatimin Farfesa Kuroiwa

Tsibirin Kazeshima,
14 ga Oktoba, 2001

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwoyin? Na san iskar dutse ta kusa fara kaɗawa a can gida Kiryu, na kuma san ba za ki fasa durƙuson ɗinki ba ko da likita zai yi miki kuka. Ki riƙa kunna fitilar da na kawo miki in za ki zura zare, ba don ado na sayo ta ba.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce kin rasa abin da za ki gaya wa maƙwabta in sun tambayi aikin da 'yarki take yi, mace mai shekara arba'in da ɗaya, ta bar kamfani a Tokyo ta tare a tsibirin da sai an sa tabarau ake ganinsa a taswira. To bari in yi miki bayani sau ɗaya, ki adana takardar ki riƙa karanta musu.

A ƙaramin asibitin nan akwai na'urar da ake zura mutum a ciki ta ɗauki hoton cikin kansa. Ba hoto ɗaya take ɗauka ba, falle-falle take yi kamar an yanka burodi, har falle ɗari biyu. Kowane falle cike yake da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo kuma lamba ce a cikin kwamfuta. Na'ura dai muna da ita, idon da zai karanta ne babu. Likita Irie shi kaɗai ne likitan tsibirin, shi ne na haihuwa, shi ne na karaya, kuma da bakinsa yake cewa abin da ya shafi ƙwaƙwalwa ya fi ƙarfinsa. Mai karantawa yana can babban asibitin birni, sunansa Farfesa Kuroiwa. Ko dai a wanke hoton a fim a ba jirgin ruwa, amsa ta dawo washegari, ko a tura ta wayar tarho, ita kuma ta yi ta jan jiki awa uku da rabi. Abin haushin ma daga tsakar ka take farawa, falle bayan falle, alhali yawancin masifar a can ƙasa take, wajen gindin ƙwaƙwalwa.

Aikina shi ne in matse hoton ya ƙanƙance ba tare da lamba ko ɗaya ta ɓata ba, in kuma sauya yadda yake tafiya. A minti biyun farko kan gaba ɗaya zai bayyana a gaban Farfesa, dishi-dishi, sannan ya yi ta washewa. In ya nuna wani wuri, a fara cika masa wannan wurin, har a ƙarshe komai ya koma daidai yadda na'ura ta ɗauka. An ba ni zuwa ƙarshen Maris. In Farfesa bai buga hatiminsa a takardar amincewa ba, za a kwashe wayar da kwamfutocin, mutanen nan su koma jiran jirgin ruwa.

Shi kuwa mutumin, Inna, ko kallon abin bai yi ba. Da na je gaishe shi ya sha mur ya ce shi ba ya sa hatimi a kan hoton da aka taɓa. Sannan aka ci mini fuska a kan nawa hatimin. Kin san yadda takardun ofis suke, akwatuna a jere, na babba a can hagu, na ƙarami a dama, kowa ya ɗan karkata hatiminsa wajen na babba kamar mai rusunawa. Ni na sha'afa na buga nawa a miƙe. Sakatariyarsa ta biyo ni har bakin ƙofa da sabuwar takarda ta ce in sake. Na sake kuwa, na karkata shi har ya kusa kifewa. Halin marigayi Baba ne, kada ki ga laifina.

A gidan wata tsohuwa na sauka, Goggo Umeno, mai shanya kifi a bakin gaɓa. Bakinta ya fi naki kaifi. 'Yar waya take kirana, kullum da safe sai ta tambaye ni ko yau kawunan sun isa birni ko suna hanya. Jiya muna shan miyar miso ta gaya mini, kamar tana ba da labarin ruwan sama, cewa shekara shida da suka wuce hoton kan mijinta ya bi jirgin safe, amsa ta zo washegari ta tarar an riga an yi masa wanka. Ta faɗi haka ta ƙara mini shinkafa. Ni ce na kasa ci.

Ki gaishe mini da duk maƙwabtan da suka damu da ni haka.

'Yarki mai taurin kai,
Chizuru


Kazeshima,
9 ga Disamba, 2001

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya tarin da kika ce ya tafi alhali ina jin sa a waya? Saƙonki ya iso lafiya, rigar sama da busassun 'ya'yan itacen. Goggo Umeno ta cinye rabinsu, ta ce a gaya miki kin fi ni amfani.

Na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Ranar Laraba aka yi gwaji a birni, gaban Farfesa da likitoci shida. Hoto ɗaya ne aka aika ta hanya biyu, ɗaya ta wayata, ɗaya a faifai ta jirgin ruwa. Sai kwamfuta ta ɗebe wannan daga wancan, ɗigo da ɗigo. In babu bambanci, allon zai yi baƙi ƙirin, shi ne cin nasara. Na danna ina murmushi, sai ga fararen ɗigo warwatse a allon kamar an watsa gishiri. Kowannensu ya kauce da ɗaya tak. Maimakon in yi shiru, zuciya ta ɗebe ni na ce lambar ɗigo tana kaiwa dubu huɗu, ɗaya a cikinsu ai babu idon da zai gani. Farfesa ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗayan nan wa ya ba ki shi da za ki zubar?" Ya tashi ya fita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A jirgin dawowa Likita Irie ya ba ni labarin da ya kashe mini jiki. Shekarun baya wani kamfani ya kawo musu irin wannan matsi, amma nasu yana shafe abin da suka ga ƙanƙane ne don hoto ya yi sauri. Ya shafe wani ɗan tabo a kan wata malamar makaranta. Farfesa ya duba, ya rubuta babu komai, ya buga hatimi. Matar ba ta kai bazara ba. Tun daga ranar bai sake sa hatimi a hoton da bai gani cikakke ba. Na yi wata biyu ina zagin mutumin nan a zuci, ashe gaskiya ce a hannunsa, kuma ba abin da ya fi wannan ciwo.

Kwana uku ina neman inda ɗayan nan yake zubewa ban samu ba. Ranar Asabar da rana na ɗauko rigar da kika aiko, wadda kika fitar daga tsohon kimonon Kaka, doguwar rigarta ta gargajiya. Hannun ya yi mini gajere, kin manta ni doguwa ce. Cikin fushi na ɗauki almakashi na farke ɗinkin kafaɗa, sai ga yadi a ninke a ciki, faɗin yatsa uku, launinsa sabo fil kamar jiya aka rina. Na zauna riƙe da shi. Na tuna yadda kike bugun hannuna ina ƙarama in na kai almakashi wajen rarar yadi, kina cewa a ɗinkin kimono ba a yanke rara, ninke ta ake yi a cikin ɗinki. Na tuna kuma ranakun wanki, da kike farke riga gaba ɗaya ta koma ƙyalle takwas miƙaƙƙu, ki jera su su tashi bandir guda kamar yadda ya fito daga masaƙa.

Inna, ni yanka nake yi ban sani ba. In na haɗa lambobi biyu na raba don in sami hoton farko mai dishi-dishi, wani lokaci rabi yakan rage, ni kuma sai in share shi don lamba ta cika. Yanzu na sake lissafin. Rabin nan ba a zubar da shi, ana ninke shi a cikin abin da za a aika daga baya, can a buɗe shi ya koma mazauninsa. Goggo ta shigo ta same ni ina dariya da farkakkiyar riga a cinya, ta ce dama ta san wayar nan sai ta taɓa ni.

Shekara ashirin ina cewa sana'arki ta mutanen da ce. Abin da zan rubuta nan ba zan maimaita shi a baki ba, don haka ki riƙe wannan takardar shaida: na yi kuskure. Hannun rigar kuma na mayar da shi da kaina, in kin gani kada ki ce komai.

Ki sha maganin tarin.

Taki,
Chizuru


Kazeshima,
13 ga Maris, 2002

Innata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, sanyi kuma ya fara sakin gwiwoyin. Ki yafe mini shirun da na yi. Ki ajiye allura ki zauna sosai, labarin yana da tsawo.

A watan Janairu an sake gwajin. Allon ya yi baƙi ƙirin, falle ɗari biyu babu ɗigo ko ɗaya. Ban taɓa ganin abin da ya kai baƙin allon nan kyau ba. Aka maimaita da kawuna talatin, duk haka. Amma Farfesa ya kada baki ya ce na'ura ce ta shaidi na'ura, ya mayar da takardar aljihun tebur. Na dawo tsibiri, har na fara ɗaure littattafaina a kwali.

Ranar Asabar da ta wuce aka tashi da iska, aka sanar jirgin ruwa ba zai zo ba. Goggo Umeno tana rataye kifi da hantsi, sai na ga ta dafe ƙeya ta tsaya cak. Ta ce ji ta yi kamar an buga mata guduma, amma ya wuce, in bar ta ta gama aikinta. Can ta yi amai a bayan randa tana ɓoyewa. Muka yi ta ja-in-ja, ta kira ni da sunayen da ba zan rubuta miki ba, ni kuma na ce ko ta hau mota da ƙafarta ko in ɗauke ta a kafaɗa gaban duk masuntan gaɓa. Kunya ce ta kai ta asibiti, ba ni ba.

Ƙarfe sha biyu da minti biyar aka fito da ita daga na'ura. Likita Irie ya duba ya sake dubawa, ya ce shi bai ga komai ba, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya kira masu jirgi mai saukar ungulu. Suka ce iska tana ƙaruwa, in ba su tashi kafin sha biyu da rabi ba sai bayan kwana biyu, kuma ba za su jefa mutanensu cikin wannan iska ba sai da takardar ƙwararren likita mai hatimi. Ƙasa da minti ashirin da biyar ke nan. Tsohuwar hanya awa uku da rabi take ci. Goggo tana kwance tana tambayar wa zai kwashe mata kifi, ni kuwa mijinta kawai nake tunawa.

Na danna aikawa, na ɗauki ɗayan tarhon na kira ofishin Farfesa. Aka yi sa'a yana nan. Ban ma gaishe shi yadda ya kamata ba, na ce ya dubi allonsa. Minti biyu kan gaba ɗaya ya bayyana masa. Ina jin numfashinsa ta cikin tarho. Sai na ga a nawa allon ya zagaye wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda tsohuwar hanya ba za ta kai ba sai la'asar. Manhajar da na rubuta ta bar komai ta koma cika masa wannan wurin. Na tsara ta yadda in wuri ya cika cif, sai koren layi ya kewaye shi. Minti bakwai na yi ina kallon allon nan, gumi yana bin bayana cikin sanyin Maris, kafin koren layin ya fito.

Ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Nagamine, wurin nan ya gama zuwa?" Na ce ranka ya daɗe, ko lamba ɗaya ba ta rage a hanya ba. Ya ce akwai jini. Siriri ne kamar zaren siliki, faɗinsa bai fi ɗigo uku ba, irin abin da wancan matsin na da zai shafe ya ce datti ne. Wata jijiya ce ta kumbura ta ɗan tsage, kuma in ta sake fashewa shi ke nan.

Amma sauran kan yana nan dishi-dishi, ba zai gama cika ba sai ɗaya da kwata. Mutumin da ya yi shekaru bai sa hatimi a hoton da bai kammala ba, ga shi agogo ya nuna sha biyu da minti sha takwas. Na buɗe baki zan yi masa irin tawa, kin san ni, sai na tuna malamar makarantar nan, na haɗiye. Abin da na ce kawai shi ne, abin da ke cikin koren layi nasa ne gaba ɗaya, sauran ma yana tafe, ba a yanke komai ba, a ninke yake. Ban san ko ya gane ba. Can sai na ji ƙarar buɗe ɗan gidan hatimi ta cikin tarho, ƙas. Inna, na ji kiɗa iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin mai daɗin wannan ba.

Sha biyu da minti ashirin da biyu takardar mai hatimi ta fito ta na'urar faks. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci jirgin ya sauka a filin makaranta yana tangaɗi. Ana ɗaga Goggo ta riƙo hannun rigata, rigar Kaka, ta ce in na bar kyanwa ta ci mata kifi sai ta dawo ta karya ni. Suna tashi na koma asibiti, na tarar sauran hoton ya gama isa. Na tsaya a tsakar ɗaki na yi kuka irin na yara, Likita Irie yana bubbuga mini baya shi ma yana jan hanci.

An yi mata aiki da yammacin ranar, an ɗaure jijiyar. Likitan da ya yi aikin ya ce da an jira, da wuya ta kai kwana biyun nan. Jiya ta farka sosai, ta ce miyar asibitin birni kamar ruwan wanke tukunya take. Da na ji haka na san ta warke.

Kifin kuwa na kwashe shi, ban da guda huɗu da kyanwa ta riga ni. Kada ki gaya mata.

'Yarki,
Chizuru


Kazeshima,
4 ga Afrilu, 2002

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Da fatan kina lafiya, furanni kuma sun buɗe a bakin kogi. A nan sun riga sun fara zuba.

An amince, Inna. Wayar tana nan daram, kuma za a ja irinta zuwa wasu tsibirai huɗu kafin kaka. Na kwance kwalayen littattafaina. Yanzu in maƙwabta sun tambaye ki aikina, ki ce musu ɗinki nake yi, a wajenki na koya.

Goggo Umeno ta dawo shekaranjiya a jirgin safe, kai a aske, ta ɗaura ɗankwali. Rabin tsibirin ya fito tarbarta, ta ce su watse ba biki ake yi ba. Tana shiga gida ta wuce wajen hoton mijinta, ta kunna masa turare, ta zuba masa shayi. Ina daga ƙofa na ji tana ce masa, "Kai ma da ka yi haƙurin shekara shida, da 'yar waya ta same ka." Daga nan ta juyo ta ƙirga kifinta, ta tambaye ni ina guda huɗu.

Ga kwafin takardar amincewar na sa miki a cikin ambulan. Ki kunna fitilar, ki sa tabarau, ki dubi akwatunan da ke sama. Na can dama, na ƙarshe, nawa ne. Wannan karon babu wanda ya biyo ni bakin ƙofa, da kaina na karkata shi, kuma da zuciya ɗaya. Na tsakiya guda huɗu na manyan asibiti ne, duk sun rusuna hagu yadda aka saba. Yanzu ki kai idonki can hagu, akwatin farko, inda babu wani na sama da za a rusuna wa.

Da na gani na ɗauka hannunsa ne ya goce. Na tambayi sakatariyarsa, ta ce shekara sha tara tana miƙa masa takardu, hannun Farfesa bai taɓa gocewa ba. Ta ce a gabanta ya daidaita takardar, ya dangwali jar tawada, ya juya hatimin a hankali zuwa dama, sannan ya danna. Ki duba da kyau, Inna. Ya tsallake manya huɗu, wajen nawa ya rusuna.

Ina nan tafe farkon watan gobe. Ki tanadi allura, hannun rigar nan yana bukatar gwani.

Ni ce 'yarki,
Nagamine Chizuru